Kawu, Kukun da Ya Riga Likita Gani

Daga Allah muka zo, gare shi kuma za mu koma, ko mun shirya ko ba mu shirya ba. Kawu ya rasu ranar Talata da hantsi, aka kai shi makwancinsa bayan azahar. Tun daga ranar gidansa na Kurudu a Abuja bai rabu da mutane ba har aka yi sadakar uku.

Ban san yana da jama'a haka ba. Ina zaune a tsakar gida kusa da Umma, mahaifiyata, wadda ita ce ƙanwarsa, sai ga wata mata mai jiki ta shigo da kwando a ka. Mai sayar da kifi ce a kasuwar Kado. Ta sauke kwandon a gaban Umma, ta buɗe baki za ta yi gaisuwa, kuka ya ci ƙarfinta. Da ta samu kanta sai ta ce, "Hajiya, shekara da shekaru baban nan yana zuwa wurina. Bai taɓa ɗaukar kifi bai danna shi da yatsa ya duba idonsa ba. In ya ga na kwana ne sai ya ce min, 'Wannan ai ya girme ni, ba ni ƙaninsa.'"

Maƙwabcinsa, wani dattijo manomi ɗan Gbagyi, Kirista ne, amma da ƙafa ya bi gawar har maƙabarta, ya tsaya daga gefe da hularsa a hannu. Washegari ya dawo da doya guda huɗu. Ya durƙusa a ƙofar ɗaki ya ce da irin Hausarsa, "Matata ya ce in kawo wannan. Abokina kullum yana faɗa da ni, wai doya kawai nake ci, babu ganye. Yanzu wa zai yi faɗa da ni?"

A ranar ce kuma wasu 'yan'uwa suka shigo da katan-katan na lemon kwalba da buhun biredi don masu zaman makoki. Umma ta bi kayan da kallo, idonta jawur, ta ce, "Da mai gidan nan zai ɗaga kai ya ga abin da ake sha a tsakar gidansa, wallahi da duk ya kore mu." Sai dariya ta ƙwace wa matan da ke wurin, suna yi suna share hawaye. A nan na ƙudura cewa sai na rubuta wani abu a kansa, kafin kwanaki su goge mana muryarsa.

Kawu kuku ne. Ya fara da girki a jirgin ƙasa tun yana saurayi, ya ƙare a ɗakin cin abincin ma'aikata na wata masana'anta a Idu, a can ya yi ritaya. Matarsa ta riga shi tafiya da shekaru masu yawa, 'ya'yansa maza biyu kuma aiki ya kai su nesa. Bai sake aure ba, bai kuma yarda wani ya dafa masa ba. A bayan gidansa ya shuka zogale da alayyahu da rama da yakuwa, kowanne da layinsa. Mutanen masallacinsu sukan zolaye shi, wai namiji da ludayi. Sai ya gyara hula ya ce, "Ku da ba ku iya ba, in matanku sun yi tafiya me kuke ci? Biredi da tsire. Ku dubi yadda kuke gyangyaɗi a sahun azahar."

Wani da ya yi aiki da shi a Idu, mai tuƙa motar ɗaga kaya, ya ba mu labari a zaman makokin. Ya ce an taɓa kawo sabon manaja, ya yanke cewa da rana a riƙa ba ma'aikata biredi da lemo kawai, wai ya fi sauri. Kawu ya shiga ofishinsa, ya cire farar hularsa ta aiki ya ajiye a kan tebur, ya ce, "Oga, mutanen nan da inji suke aiki. In ka ba su wannan da tsakar rana, kafin la'asar idonsu zai fara rufewa. Ni ba zan dafa abin da zai sa a yanke wa wani hannu ba. Ga hularka." Manajan ya daɗe yana kallon hular, daga baya ya tura masa abarsa. Aka ci gaba da shinkafa da wake da ganye, ga ruwan sha a bakin ƙofa, Kawu na tsaye yana tilasta wa kowa ya sha kafin ya fita.

Ni sunan mahaifiyarsu aka sa min, don haka bai taɓa kiran sunana ba. Uwata yake ce min. Da na samu aiki a wata ma'aikatar gwamnatin tarayya, Umma ta ce babu inda zan zauna a Abuja sai gidan yayanta. Haka na tare a ɗakin da ke kallon layin zogalen.

Duk wanda ke fitowa daga Kurudu zuwa cikin gari ya san cunkoson Nyanya. Ina idar da sallar asuba nake fita, cikina babu komai. Wajen ƙarfe goma sai in haɗa shayi a ofis, cokali uku na suga, in tsoma biredi ko cincin. Da rana farar shinkafa da miya, ko fanke biyu, da lemo mai sanyi. Ruwa kuwa ba na sha sosai, saboda ban ɗakin hawanmu kullum a kulle yake, sai an sauka ƙasa. Idan na dawo gida a galabaice, taliyar nan mai saurin dahuwa nake jefawa a tukunya in ci in kwanta. Ni a ganina abinci nake ci, tunda ba na kwana da yunwa.

Wata uku ban cika ba gajiya ta kama ni, irin wadda barci ba ya kore ta. In tashi da safe kamar an yi min duka. Bene hawa biyu sai na tsaya a tsakiya na dafa bango. Da ƙarfe biyu na rana kaina ya yi nauyi, rubutun da ke gabana ya riƙa haɗewa. Na sha maganin zazzaɓin sauro sau biyu daga kemis ba tare da gwaji ba. Umma ta waya ta ce ido ne, 'yan ofis ne suka sa min, ta aiko da rubutu da turare.

Kawu dai yana kallo. Wata Asabar ina kwance a tabarma da hantsi ya zo ya tsaya a kaina.

"Uwata, miƙo hannunki."

Na miƙa. Ya juya tafin ya duba, ya ce in ja fatar idona ƙasa, ya leƙa. Ya girgiza kai.

"Kin taɓa hura wuta da takarda?"

"Kawu, wace irin tambaya ce wannan kuma?"

"Nan take za ta tashi bal-bal, ki ce kin samu wuta. Kafin ki ɗora tukunya ta zama toka. Shayinki da biredinki da lemonki haka suke yi miki. Wake da gero da ganye kuwa icen kirya ne. Yana jinkirin kamawa, amma zai kai ki yamma."

Na ce to, don kawai ya ƙyale ni in yi barci.

Daga Litinin ɗin na fara tarar da kula a kan kujerar da ke bakin ƙofa duk asuba. Wata rana alale da ƙwai, wata rana faten wake da alayyahu, wata rana dambun zogale da ɗan kifi. Yana riga ni tashi ya ɗumama, ya ɗaure kular a leda. Ni kuwa kunya nake ji. A ofishinmu 'yan mata daga manyan gidajen abinci suke aikowa a kawo musu a fararen robobi. Ranar farko da na buɗe kular ƙamshin daddawa ya cika ɗakin, wata ta toshe hanci tana dariya. Tun daga ranar nake miƙa wa matar da ke share mana ofis, in karɓi kular wankakkiya da yamma. Kawu yana buɗewa ya ga babu komai, sai fuskarsa ta washe.

"Kin cinye?"

"Na cinye, Kawu. Allah ya saka muku da alheri."

Kusan wata guda ina yi masa wannan ƙaryar. Na lura yana kallona da mamaki, don abinci na ƙarewa amma ni ina nan jiya i yau.

Sai ranar taron. Darakta ya tara mu da baƙi daga wata hukuma bayan azahar, ni aka sa in rubuta abin da aka tattauna. Na ci shinkafa na kora da lemo kafin in shiga. Abin da na sani kawai shi ne ƙarar birona da ya faɗi ƙasa, na buɗe ido na ga kowa ni yake kallo. Takardata layi huɗu ne a kanta. Kafin a tashi aiki aka miƙo min takardar tuhuma, in bayyana dalilin da ya sa ba za a hukunta ni ba. Lokacin ba a ma tabbatar da ni a aikin ba. Umma bazawara ce, ƙannena biyu suna makaranta, duk ni suke kallo.

Na iso gida da la'asar sakaliya, na tarar da Kawu yana ba ganyensa ruwa. Na faɗa masa ina kuka. Ya ajiye bokitin ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Kafin ki shiga taron me kika ci?"

Wannan tambayar ce ta tunzura ni. Tun da na yi wayo ban taɓa ce masa kai ba, kullum ku nake ce masa. Ranar na ce.

"Kawu, aikina zan rasa, kai kuma kana maganar abinci! Komai abinci, komai abinci! Abincin naka ma ba ni nake ci ba, mai shara nake ba. Kai kuku ne fa, ba likita ba!"

Ya sunkuya ya ɗauki bokitinsa, ya ƙarasa ba layin yakuwar ruwa, ya wanke ƙafa ya tafi masallaci. Kwana biyu daga gaisuwa babu abin da ke haɗa mu. Amma duk asuba kular tana nan a kan kujera. A rana ta biyu ma guda biyu na tarar. A jikin ɗaya ya liƙa 'yar takarda da rubutunsa mai karkata: "Ta mai shara."

A rana ta uku ya ƙwanƙwasa min ƙofa, ya sa babbar rigarsa ta zuwa unguwa.

"Uwata, gaskiya kika faɗa, ni kuku ne. Abin da na gani a idonki ya fi ƙarfin tukunyata. Ki nemi izini a ofis, mu je wurin likita."

A asibiti aka ɗebi jinina. Babu zazzaɓin sauro, babu taifod. Likitar, wata mata mai fara'a, ta ce jinina ne ya yi ƙasa. Ta tambaye ni yadda al'adata take zuwa, sannan ta ce in lissafa mata abin da nake ci tun daga safe har in kwanta. Ina faɗa tana jinjina kai. Ta rubuta min ƙwayar ƙarin jini, ta ce kada in sake fita ban karya ba, in rage suga da lemo, in yawaita wake da ganye da kifi da hanta, in riƙa shan ruwa. Shayi kuma in raba shi da lokacin cin abinci, saboda yana hana jiki ɗaukar abin da ke ƙara jini. Ta ce in ban ji sauƙi ba bayan wasu makonni in dawo a sake bincike, don ba kowace gajiya ce ta abinci ba.

Kawu na zaune a kujerar gefe, hannayensa a kan sandarsa. Na saci kallonsa, ina jiran ya ce ai na faɗa miki. Sai ji na yi ya ce, "Likita, wannan ta shayin ban san ta ba. Na gode, yau na ƙaru." A hanyar dawowa ya sa mai mota ya tsaya a Karu, ya sayo lemon zaƙi cike da leda, don likitar ta ce yana taimakon ganye ya yi aikinsa a jiki.

Muna shiga gida na durƙusa a gabansa.

"Kawu, ku yafe min. Bakina ne ya yi kaifi."

"Tashi, Uwata. Uwa ai tana yi wa ɗanta faɗa." Ya ɗago ni, sannan ya ce, "Abu ɗaya ne ya dame ni. Wata guda ina zargin hannuna, ina cewa ko girkina ne ya daina aiki."

Ba a kwana ɗaya na warware ba. Makon farko kaina har ciwo yake don rashin lemon nan. Na amsa takardar tuhumar, na haɗa da takardar asibiti, aka yi min gargaɗi aka bar ni. Kawu ya sauya tsari. Tunda ba na iya cin abu mai nauyi da asuba, sai ya riƙa dama min kunun gyaɗa ba suga, ya haɗa min da dafaffen ƙwai, in karya a cikin mota lokacin da muke tsaye a cunkoso. Ya sayo min gorar ruwa babba, ya ce in dawo da ita babu komai, ban ɗaki kuma in sauka ƙasa, tafiyar ma magani ce. Kular kuwa na riƙa buɗe ta a kan teburina, mai toshe hanci ta toshe. Ba a yi wata biyu ba ita ɗin ce ta fara zuwa da cokalinta.

Wata rana na hau benen nan ina waya da Umma, sai da na zauna a kujerata na tuna ban tsaya dafa bango ba. Na kira Kawu na faɗa masa. Ya ce, "Alhamdu lillahi. To sai ki koyi girkin, don ni ba dawwama zan yi ba." Duk Asabar daga nan muna tsakar gida, yana nuna min yadda ake jiƙa wake, da lokacin da ake zuba ganye don kada ya mutu a wuta. Ba ya yabo. In ya ɗanɗana ya yi shiru, to an dace. Bayan shekara aka tabbatar da ni a aiki. Bayan wasu shekarun ya aurar da ni daga wannan gidan, shi ya tsaya a kan tukwanen bikin da kansa, ya hana matan dangi sakat.

Ciwonsa na ƙarshe bai daɗe ba. Ƙoda ce, in ji likitoci, ga kuma shekaru. Abin da ya fi yi min ciwo shi ne ganin mutumin da ya ƙarar da rayuwarsa yana ciyar da mutane ya kasa haɗiye loma biyu. Ranar Lahadi da rana na je asibiti da kunun gyaɗa, na dama shi yadda ya koya min. Na tallafo kansa na kai masa kofin. Ya kurɓa sau ɗaya ya kawar da kai.

"Uwata."

"Na'am, Kawu."

"Babu ɗan suga a jakar nan taki?"

Na ɗauka ciwon ne ya fara taɓa hankalinsa. Ya ga fuskata, sai ya yi murmushi.

"Kin ɗauka ba na so ne? Duk gidanmu babu wanda ya kai ni son zaƙi, tambayi uwarki. Ina yaro alewa har a ƙarƙashin matashi nake ɓoye ta. Ranar da likita ya ce matata marigayiya tana da ciwon suga, muka dawo gida na haɗa shayina kamar kullum. Ina cikin juyawa na ɗaga kai, na ga tana kallon kofin. Na tashi na zubar da shi a bakin rariya. Tun daga ranar ban ƙara ba. Duk wannan girkin ganye da wake da kika sani, a kanta na koye shi da gaske."

"To bayan ta rasu fa, Kawu?"

"Na sha ɗauko gwangwanin. Sai in ji kunya, in sha ita ba ta sha ba."

Na fita na tambayi ma'aikaciyar jinya. Ta duba takardunsa ta ce babu laifi, in ba shi abin da ransa ke so. Wata mata da ke jinyar mijinta a gadon kusa ta miƙo min nata sugan. Na zuba cokali ɗaya na juya, na sake tallafo kansa. Ya kurɓa, ya lumshe ido, ya daɗe bai haɗiye ba.

"Ashe yana nan yadda na bar shi," in ji shi.

Ya shanye kofin tas, a hankali, ina riƙe da kansa. Shi ne abu na ƙarshe da ya ci daga hannuna.

Ya Allah, ga bawanka nan ya zo gare ka. Ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata masa kabarinsa, ka haɗa shi da matarsa a inda babu ciwo babu gajiya, ka shayar da su tare daga abin da ya fi wannan zaƙi. Mu kuma in tamu ta zo, ka sa mu cika da imani.